Wata shida a ofishin masu zanen gine-gine: Ranar da Oga ya ƙi sa wa ɗaliba hannu

Ranar Juma'ar mako na tara ta ajiye littafinta a kan teburin mai kamfanin kamar yadda ta saba. Duk wanda ya taɓa fita koyon sanin makamar aiki ya san littafin nan. Kowane mako da shafinsa, ɗalibi ya rubuta abin da ya yi kullum, a ƙasa kuma akwai wurin da mai kula da shi zai sa hannu ya buga hatimi.

Mutumin ya karanta shafin, ya sake karantawa, sannan ya turo mata abinta ko biro bai taɓa ba.

A shafin ta rubuta cewa ta yi kwana uku a wurin zubin kankare, kwana biyu kuma tana zanen matakalar bene. Gaskiyar magana kuwa, makon nan kaf tana gida ana bikin yayarta. Abin da ke shafin daga littafin wata ƙawarta ta kwafo, wadda ta turo mata hotonsa ta WhatsApp.

Ɗalibar, wadda ke karatun zanen gine-gine a wata jami'a a Arewa, ta yi wata shida a wani ƙaramin kamfani a Kano. Ta yarda ta ba ni labarin bisa sharaɗin in sakaya sunanta da na kamfanin.

Ta ce bai ɗaga murya ba a ranar. Cewa ya yi ta ja layi a kan abin da ta rubuta, ta sa cewa ba ta zo aiki ba saboda biki, shi kuma zai sa hannu a kan hakan. Ta yi ta roƙo, Yallaɓai a taimaka, maki za a rage mata. Bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da aikinsa.

Ta fita tana ganin mugunta ce kawai. A cikin 'yan ajinsu akwai waɗanda ba su taɓa leƙa wurin da aka tura su ba, amma an sa musu hannu a shafuka 24 a zama ɗaya.

Yadda tsarin yake a takarda

Shirin da ake kira SIWES ba sabon abu ba ne. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos, shi ya ɓullo da shi a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta ƙorafin cewa ɗaliban da ke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma ba su san aiki ba. A 1979 an miƙa ragamar shirin ga hukumar kula da jami'o'i ta NUC da ta ilimin fasaha ta NBTE, kafin a mayar wa ITF a 1984.

Ɗaliban jami'a galibi wata shida suke yi, na kwalejojin fasaha kuma wata huɗu, ban da shekara guda da sukan yi a wurin aiki tsakanin ƙaramar difloma da babba. Alawus ɗin da aka daɗe ana biya shi ne Naira 2,500 a wata, wato 15,000 a wata shida, kuma ɗalibai sun jima suna kokawa kan jinkirin fitarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan kuɗi ba ya kai ɗalibi ko mako guda a adaidaita sahu.

Ni ma na yi nawa wata huɗun, kuma idan zan faɗi gaskiya, abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne sanin mai abincin da ta fi cika kwano a unguwar. Saboda haka ban je wurin wannan ɗaliba da niyyar yi mata wa'azi ba.

Samun gurbin ma aiki ne. Ta kai takardar makaranta wurare shida kafin a karɓe ta. Yawancin ofisoshin masu zanen gine-gine ƙanana ne, ba su da kujerar da za su ba ɗalibi, balle kwamfuta. Inda ta samu ɗaki biyu ne a saman wani bene: akitek ɗaya mai rajista, wato mai kamfanin da kowa ke kira Oga, da mataimaka biyu masu babbar difloma, sai ita da wani ɗalibi da ya daina zuwa tun a wata na biyu.

Mako uku na farko ba ta ja layi ko ɗaya ba. Aikinta kai zane wurin bugawa, da naɗe manyan takardu yadda za su shiga fayil, da sayo abinci. Ta ce har ta fara tunanin bin sawun abokin nata.

Ina gabas?

Zanen farko da aka ba ta na gida ne mai ɗaki uku a fili 50 da 75. Ta kwana biyu a kan AutoCAD, ta fitar da abin da take ganin ko a makaranta zai ci maki mai kyau. Oga ya duba bai fi minti ɗaya ba, ya tambaye ta ina gabas.

Ta nuna masa 'yar kibiyar da ta sa a kusurwa mai nuna arewa. Sai ya ɗora yatsa a kan banɗakuna biyu. Duk wanda ya zauna a cikinsu zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Ya ce mata a garin nan, mai gida zai iya yafe ƙaramin falo, amma wannan ba zai yafe ba, kuma idan an riga an sa bututu an zuba daɓe, gyaran sai da fasawa.

Daga nan ya shiga sauran. Babbar tagar ɗakin maigida tana kallon yamma, inda ranar la'asar za ta mayar da ɗakin tanderu a watan Afrilu. Baƙo namiji ba shi da hanyar shiga falo sai ya ratsa ta ƙofar kicin. Tagar sama ɗaya kuma tana leƙa tsakar gidan maƙwabta, abin da kan kai mutane gaban mai unguwa.

Batun rana da iska an koya musu a aji, ta amince da haka. Sai dai a aji babu wanda zai kwana a ɗakin, babu kuma wanda zai biya kuɗin bulo.

Wanda ya fi ba ta dariya yanzu shi ne aikin wani ɗan kasuwa mai mata biyu. An zana ɓangare biyu iri ɗaya, amma saboda wurin matakala, ɗakin kwanan ɓangare ɗaya ya fi ɗayan da santimita 30. Alhajin bai iya karanta zane ba, amma ya iya karanta lamba. Ya ce shi ba zai sayi rigima da kuɗinsa ba. Kwana uku aka yi ana juya matakalar har sai da ɗakunan suka zo daidai.

Akwai kuma rikicin awo. Makaranta da takardar zane da milimita suke aiki, mai fili da birkila kuwa ƙafa da inci suka sani. Bulon da ta sani da 225 shi ne mai inci tara a bakin kowa, mai 150 kuma mai inci shida. Ƙafa 50 ta ɗan haura mita 15. Da aka tura ta da tef ta auna wani fili da takardarsa ta ce 50 ne, sai ta tarar da 48, don katangar maƙwabci ta ci ƙafa biyu. Da an yi zane a kan abin da takarda ta ce, da gidan bai shiga filin ba.

Wata Asabar ya tura ta Gidan Makama, ya ce kada ta ɗauki hoto, ta zauna ta zana rufin ɗaki guda da fensir. A nan ta lura da yadda magina na da suka san iyakar azara. Itacen giginya ne da gara ba ta cika ci ba, amma idan tazara ta yi yawa ba ya ɗaukar nauyin ƙasar da ke kansa, shi ya sa suke jera shi hawa-hawa ko su ɗora a kan baka. Da irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830, ba tare da siminti ko rodi ba.

Ƙirga kwano

A wata na uku aka fara zuwa da ita wuraren aiki. Leburori suka sa mata suna Injiniya, da sigar zolaya. Ta ce hular kwano a kan hijabi cikin zafin Kano ba ƙaramar jarrabawa ba ce.

A bakin mutane duk wanda ya zo wurin gini da takarda a hannu injiniya ne, amma aikin a rabe yake. Akitek shi ke tsara ginin da yadda za a zauna a cikinsa. Injiniya ke lissafin nauyi, ya faɗi girman harsashi da ginshiƙai da irin rodin da za a sa. Akwai mai ƙiyasin kayan aiki da kuɗi, akwai kuma magini mai kula da aikin kansa. A ƙananan ayyuka, mai gini kan so ya biya mutum ɗaya ya yi duka, ko ma kada ya biya kowa.

Ranar da za a zuba dakin wani ginin shaguna, aikin da aka ba ta shi ne ta tsaya kusa da injin kwaɓa ta yi ta ƙirga. An rubuta haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu mai kilo 50 ana ɗaukarsa a matsayin kwanon sarki biyu, ke nan kowane buhu kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Da rana ta take, gajiya ta zo, sai ta ga yashi ya koma biyar, ana kuma ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saukin ɗauka. Ruwan da ya wuce ƙima kuwa ƙarfin kankare yake ragewa.

Ta yi magana, babu wanda ya kula ta. Wani dattijon birkila da take kira Baba, shi kuma yake ce mata 'yata, shi ya tsayar da injin. Bayan an tashi ya zagaya da ita ya nuna mata abubuwan da ba a gani a zane: 'yan gutsattsarin kankare da ake kira biskit, waɗanda ake sawa a ƙarƙashin rodi don kada ya kwanta a kan katako ya fito fili ya yi tsatsa, da dalilin da ya sa ake yi wa daki ban ruwa kwanaki bayan zubi. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, amma sau da yawa mai katako na matsa lamba a cire turakun da wuri don ya kai su wani aikin.

Baba bai yi boko ba. Ta ce rabin abin da ta rubuta a rahotonta na ƙarshe daga bakinsa ta ji.

Hawa ɗaya kacal

A kan wannan ginin shagunan ne abin da ya sauya mata tunani ya faru, kusan wata biyu bayan rigimar littafi.

An zana ginin a matsayin ƙasa da sama, injiniya ya yi lissafinsa a haka, kuma a haka aka samu amincewar hukumar tsara birane ta jihar, KNUPDA. Da aka zuba dakin farko, masu neman haya suka fara layi. Sai mai ginin ya zo ofis ya ce a ƙara masa hawa ɗaya.

Tana zaune a kusurwa tana jin su. Alhajin ya ce ba wani abu yake nema ba, zanen hawan da ke akwai za a maimaita, Oga ya buga hatimi, shi ke nan. Ya kawo misalin maƙwabcinsa da ya yi haka shekaru biyar da suka wuce, ga gininsa nan tsaye. Ya ƙara da cewa tsarewa ta Allah ce.

Oga ya ce masa, Alhaji, harsashin da ke cikin ƙasa an riga an binne shi, kuma nauyin hawa biyu aka auna masa. Idan ana son ƙari, sai a kira injiniya ya sake lissafi, a tono a duba, wataƙila a ƙarfafa ginshiƙai, sannan a koma hukuma a nemi sabuwar amincewa. Alhajin ya tambayi kuɗi da lokacin da hakan zai ci. Da ya ji amsa, ya tashi.

Bai sake dawowa ba, bai kuma biya cikon kuɗin aikin ba. Daga baya suka ji ya samu wanda ya yi masa zanen a kwana biyu. A ƙarshen watan nan albashin mataimakan biyu ya makara, kuma ɗaya daga cikinsu ya faɗa a gabanta cewa taurin kan Oga ne zai rufe ofishin.

Ita aka sa ta buga wasiƙar janye hannun kamfanin daga aikin, ita kuma ta kai ta, ta tsaya har yaron Alhajin ya sa hannu a kwafin cewa an karɓa.

Abin da hatimi ke nufi

A doka, ba kowa ne ke da ikon kiran kansa akitek ba. Hukumar ARCON, da aka kafa da dokar soja mai lamba 10 ta 1969, ita ke yi wa masu sana'ar rajista. Hanyar tana da tsawo: digiri na farko, digiri na biyu, aƙalla shekara biyu ana aiki a ƙarƙashin mai rajista, sannan jarrabawar ƙwarewa. Hatimin da ake bugawa a zane shaida ce cewa wani da za a iya kamawa ya duba aikin kuma ya ɗauki alhakinsa. Injiniyoyi su ma suna da tasu hukumar, COREN.

Sai dai duk wanda ya san harkar gini ya san akwai wata kasuwa a gefe. Wanda ba shi da rajista ya yi zane, a kai wa mai rajista ya buga hatimi a ba shi ɗan wani abu, alhali bai san ko a wace unguwa filin yake ba.

Sakamakon irin wannan sakaci ba ɓoyayye ba ne. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas, ya kashe mutum fiye da 40, har da mai ginin. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar a lokacin ya ce hawa 15 aka amince a yi. Daga baya wata wasiƙa ta fito da ke nuna cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya janye hannunsa tun a watan Fabrairun 2020. A Kano, wani bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut a ƙarshen Agustan 2022. A Jos kuma, ginin makarantar Saint Academy ya faɗo wa ɗalibai a ranar 12 ga Yuli, 2024, mutum 22 suka rasu. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, matsalar ita ce aiki da shi.

Ɗalibar ta ce a hanyarta ta dawowa daga kai wasiƙar ne ta tuna da shafin mako na tara. Mutumin da ya yi asarar aiki don kada ya buga hatimi a kan hawa ɗaya, ba zai buga shi a kan zubin kankaren da ba ta gani ba.

Amma ba ta ɗauke shi waliyyi ba, ni ma kuma bai kamata in nuna shi haka ba. Wata shida bai taɓa ba ta ko kuɗin mota ba. Yana da faɗa, yakan yi wa mataimakansa tsawa a gaban baƙi. Ya yi alkawarin koya mata Revit, har ta gama bai zauna da ita ba, a YouTube ta koyi ɗan abin da ta iya.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Lokacin da take buga wasiƙar, ta tambaye shi ko za a aika wa hukuma kwafi. Ya ce a'a, Alhajin mutum ne mai jama'a, kuma shi ba ya son rigimar da za ta hana shi samun aiki a kasuwar gaba ɗaya. A ganina nan ne ya gaza. Wasiƙar da ke cikin fayil za ta wanke kamfanin idan wani abu ya faru, amma ba za ta cire kowa daga ƙarƙashin ginin ba. Wasiƙar Ikoyi ma sai bayan an fara zaƙulo gawarwaki jama'a suka san da ita.

Malamin da makaranta ta turo ya duba ta sau ɗaya ya zo, ya yi kamar minti goma, bai je wurin gini ba. Ba laifinsa kaɗai ba ne, domin ɗaliban da aka ba shi suna warwatse a jihohi uku. Amma hakan na nufin ko ɗalibi ya koyi wani abu ko bai koya ba, ya danganta ne kacokan da irin mutumin da ya faɗa hannunsa.

Ranar kare rahoto a makaranta, ɗaya daga cikin malaman ya buɗe littafinta ya tsaya a shafin da aka ja wa layi. Ya tambaye ta abin da ya faru, ta faɗa masa yadda aka yi. Aka rage mata maki biyu na rashin zuwa. Ƙawar da ta kwafa a wurinta ta fi ta maki.

Yanzu idan an yi hutu takan koma ofishin ranar Asabar, ba da takardar makaranta ba. Hanyarta ta adaidaita tana bi ta gaban ginin shagunan. A hutun da ya wuce ta ga an ɗora bulon hawa na uku har ya kai linta, shagunan ƙasa kuma duk an kama hayarsu.